Birni Ya Manta Da Tsofaffin Da Suka Ci Da Shi

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ya bi hanyar Katsina ko ta Daura, zai ga ƙasa wadda babu saura babu daji a cikinta, daga gona sai gida, tun daga Ungogo da Minjibir har Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta. Tsofaffin da ke zaune a ƙauyukan nan yau, su ne samarin da a da suke koro jakuna zuwa birni da itace da hatsi, su komo da taki a mangala. Gyaɗarsu ce aka tara ta zama dala a Kano, kafin fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 su karya nomanta. Watau da guminsu birni ya ƙoshi.

To, yanzu ƙarfi ya tafi, ido ya dushe, amma lalura ba ta bar su sun huta da birni ba. Can ne manyan asibitoci suke, can ne bankuna da ofisoshin hukuma. Dattijo ya sauka daga mota, sai ya tarar an faɗaɗa titi, an gina gadar sama irin ta Ƙofar Nasarawa, duk domin motoci su wuce da sauri. Shi kuwa mai sanda ya tsaya a bakin titi yana jira, babu fitilar da za ta tsayar masa da mota. Inda aka yi gadar masu tafiya a ƙasa, matakalarta ta fi ƙarfin gwiwarsa. In Allah ya sa ya ƙetare, sai layi cikin rana, ba benci ba inuwa. A farkon shekarar 2023, da aka sake fasalin naira kuɗi suka yi wuya, aka ce kowa ya saya ya sayar ta wayar hannu. Yaya wanda ba ya ganin rubutun waya zai yi?

Waɗansu sukan ce wai tsoho ya zauna gida, 'ya'yansa su je masa. Wannan magana ba ta da ƙafa. Ɗa ba ya kai wa likita ciwon ubansa a aljihu, ba kuwa ya dangwala yatsa a madadinsa wurin yin katin ɗan ƙasa.

Ba kuma za a ce ba a san magani ba. Tun a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ji ta bakin tsofaffi a birane 33, suka faɗi bukatunsu: wurin zama, bayan gida mai tsabta, layi na dabam, da isasshen lokacin ƙetare titi. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa. Amma doka a takarda ba ta ƙetarar da kowa titi.

Lalle ya wajaba hukuma ta kafa fitilun tsayar da motoci a gaban asibitoci da tashoshi da kasuwar Dawanau, ta yi gangare maimakon matakala, ta sa benci da rumfa, ta kuma ajiye ma'aikaci mai jin Hausa wanda zai saurari tsoho baki da baki. Kuɗin duk wannan bai kai na gadar sama ɗaya ba. Wanda kuwa ya koyi karatu, ya rubuta wa kansilansa da ɗan majalisarsa takarda, ya tambaye su. Mai tsara titi ya tuna, in rai ya yi tsawo, shi ma wata rana da sanda zai ƙetare shi.