Kada Mu Manta Da Tsofaffin Soja

In an ce wa yaron makaranta ya faɗi tarihin garinsu, sai ya jero sunayen sarakuna da hakimai, ya ja baki ya yi shiru. Mu kuwa muna ganin tarihin nan da saura, gama an tsallake waɗansu mutane da ƙananan garuruwanmu suka ci moriyarsu ƙwarai, wato tsofaffin soja.

Kowa ya san 'yan ƙasar nan sun yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma sun fafata da Italiya a Somaliya da Habasha cikin 1941, sa'an nan runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka haye teku zuwa Bama, suka ƙwace Myohaung daga hannun Japan a Janairun 1945. Sunayen wuraren nan suna jikin barikoki, kamar barikin Myohaung na Ikko. Samanja Chari Maigumeri ma an sa wa barikin Lakwaja sunansa. To, ina sunan kofur ɗin da ya komo ƙauyensu ba kiɗa ba busa?

Ai ba hannu sake ya komo ba. A soja waɗansu suka koyi karatun boko, waɗansu tuƙin mota da kanikanci, waɗansu ɗaurin gyambo, waɗansu gini da aikin kafinta. Da aka sallame su, En'e ta ɗauki da yawa aikin ɗan doka da masinja da direba. Mutumin da ya ga Bombai da idonsa, ya kuma aiko wa gida da wasiƙa, ba shi da wuyar yarda ɗansa ya shiga elemantare. Irin wannan ya sauƙaƙa wa Yaƙi da Jahilci aiki a shekarun 1950.

Ba mu ce dukansu sun ji daɗi ba. Akwai wanda ya komo da rauni, kuɗin sallama suka ƙare, aiki bai samu ba, yara suna yi masa dariya don yana fareti shi kaɗai a kasuwa. Wannan ma tarihi ne, kuma ɓoye shi rashin adalci ne.

Yau kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage sai lambobin girma da takardun sallama cikin adaka, gara tana ci, da labarin da 'ya'yansu suka riƙe. Saboda haka muna roƙon malaman makaranta su tura yara gidajen nan, su rubuto sunan mutum, da bataliyarsa, da inda ya yi yaƙi, da sana'ar da ya kawo gari. Akawunan hakimai kuma su buɗe littafi guda don wannan, a ajiye a ofis, a riƙa karanta sunayen ran 15 ga Janairu, ranar tunawa da soja. Littafin rubutu ɗaya da fensir sun isa a fara aikin nan a makon gobe.