Darasin rubutu ta intanet: ƙa'idar da ta ɗaure ɗalibi ta ɗaure malami ma

Duk darasin jami'a da ake yi ta intanet yana farawa ne da takarda guda da malami ke ajiyewa a shafin farko. A cikinta ake faɗin abin da za a koya, ranakun miƙa aiki, yadda ake raba maki, da hukuncin wanda ya makara ko ya kwafi rubutun wani. Ɗalibai da yawa ba sa buɗe ta sai ranar da suka ga sifili a gaban sunansu. Iyaye kuwa ba su ma san da zamanta ba. A ganina wannan takarda ita ce rabin darasin, musamman idan na koyon rubutu ne. Ya kamata malamai su rubuta ta da sanin halin gidajenmu, iyaye kuma su sa a karanta musu ita tun makon farko.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Tun da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, malaman jami'a suka saba tura darussa ta waya. Senegal ta buɗe jami'arta ta intanet tun 2013, Kodebuwa ta bi sahu a 2015, Najeriya kuma tana da jami'ar karatu daga gida mai cibiyoyi a jihohi. Yaron da ya ci bak a Maraɗi ko Damagaram yana iya yin rajista a Dakar ko Faransa yana zaune a zauren gidansu. Kuma cikin darussan shekarar farko da wuya a rasa na dabarun rubutu, inda ake koyon tsara hujja, taƙaita dogon bayani da ambaton inda aka samo magana.

Abu na farko da takardar za ta faɗa a fili shi ne lokaci. A Amurka, inda kusan kowane sabon ɗalibi ke yin darasin rubutu, ma'aunin hukuma shi ne awa ɗaya ta aji tana tafiya da awa biyu na aikin gida, kowane mako, tsawon mako 15. Darasin da ake zama awa uku dominsa yana cin awa tara ke nan a mako. Komawa intanet bai rage ko minti ɗaya daga ciki ba. Nan ne ake samun saɓani a gida. Uwa ta ga ƴarta a kan tabarma da waya a hannu, sai ta ɗauka hira take yi, ta aike ta kasuwa, ta dawo a ba ta goyo. Uba ya ga ɗansa bai fita ba, sai ya ce ya je ya tsare shago. Da yaron yana cikin aji a jami'ar Abdou Moumouni, babu mai kiransa ya zo ya ɗebo ruwa. Don haka malami ya rubuta adadin awoyin da lamba, iyaye kuma su ware wa yaron lokacinsa kamar yadda ake ware lokacin makarantar allo.

Na biyu shi ne ranar miƙa aiki. Ina tare da malaman da ke tsanantawa a kan wannan, domin darasin rubutu sarƙa ne. Ɗalibi ya miƙa daftarin farko ranar Litinin, abokan karatunsa biyu su karanta su yi masa gyara kafin Laraba, shi kuma ya sake rubutawa ya miƙa ranar Juma'a. Wanda ya makara kwana uku ya hana mutum biyu yin nasu aikin. Amma ƙa'idar da aka kwafo daga ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, wadda ke cewa shafi zai rufe ƙarfe 23:59 kuma babu uzuri, zalunci ce a wurinmu. Kowa ya san yadda kuran ke yi a watannin Afrilu da Mayu. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, alhali a wancan lokacin mafi yawan wutar da muke amfani da ita daga can take zuwa. Ga rezo da ke yankewa ana tsakiyar tura aiki. Ga kuma bambancin agogo da ba a cika faɗa wa yara ba: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, 23:59 na Paris ƙarfe 22:59 ne a Yamai.

Gyaran ba shi da wuya. A bar ranar miƙa aiki yadda take, amma a ba kowane ɗalibi damar ƙarin awa 48 sau biyu a zangon karatu, ba tare da ya kawo dalili ba. Idan ya cinye damarsa, sai a fara rage maki. A yarda kuma ya ɗauki hoton rubutunsa na hannu ya tura ta WhatsApp a matsayin shaidar ya gama a kan lokaci, ya buga a kwamfuta daga baya. Wasu malamai za su ce sassauci ƙofar ƙarya ce. To amma wannan tsari shi ne ke rufe ƙofar, domin malami ya huta da tantance wanda kakarsa ta rasu da gaske da wanda ya ƙaga, ɗalibi kuma ba ya buƙatar ƙirƙiro rasuwa don ya sami kwana biyu.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne satar rubutu. Kafin a hukunta yaro, a tuna yadda muka rene shi. Shekara goma sha uku daga firamare zuwa lise muna ba shi maki idan ya maido da taƙaitaccen darasin malam kalma da kalma. Ya shigo jami'a sai a ce masa wannan ɗabi'ar laifi ce da za ta iya sa a kore shi. Dole mako biyun farko su tafi wajen nuna masa yadda ake sa maganar wani tsakanin alamun zance, da yadda ake faɗin ta da kalmominsa tare da ambaton mai ita. Abin ma ba baƙo ba ne a al'adarmu ta ilimi. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai an jero waɗanda aka ji ta daga bakinsu, kuma almajirin zaure yana faɗin littafin da ya ɗauko hukunci. Idan an koya wa ɗalibi haka ya sake kwafa, to hukunci ya hau kansa, kada kuma uba ya je roƙon alfarma.

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, matsalar ta sake kama. Malamai da yawa sun koma dogaro da manhajojin da ke cewa suna gane rubutun na'ura. Ina roƙon su yi hattara. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa manhajar ganowa a watan Yuli na 2023 saboda yawan kuskurenta. A shekarar kuma masu bincike a jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji da rubutun ɗaliban da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, sai suka tarar an ɗora wa fiye da rabinsa tambarin na'ura, alhali mutane ne suka rubuta. Ƴaƴanmu da Faransanci ko Ingilishi suke rubutu, harshe na biyu ko na uku a bakinsu, jimlolinsu gajeru masu bin ƙa'idar littafi. Su ne irin waɗanda zargin ƙarya zai fi faɗawa kansu.

Hanyar da ta fi aminci ita ce malami ya ga rubutun yana girma: jerin ra'ayoyi, daftarin farko, gyaran abokai, sannan na ƙarshe, kowanne da makinsa. A zaɓi batutuwa na kusa, kamar farashin gero a kasuwar unguwa ko yadda ake raba ruwa a famfon gari, waɗanda sai an fita an tambayi mutane. Idan malami ya yi shakka, kiran waya na minti biyar ya isa: me kake nufi da wannan sakin layi, ina ka samo wannan adadi? Wanda ya rubuta zai amsa. Na san malamin da ke da ɗalibai ɗaruruwa ba zai iya kiran kowa ba, shi ya sa nake cewa darasin rubutu ba ya yiwuwa da aji mai girman haka sai an raba shi rukuni-rukuni da mataimaka. Takardar kuma ta faɗi a sarari inda aka halatta na'ura, misali duba kuskuren nahawu, da inda aka haramta ta.

Saura ɓangaren da aka fi mantawa. Yawancin waɗannan takardu shafi biyar ne na abin da ɗalibi zai yi, babu layi ɗaya na abin da malami ya ɗaukar wa kansa. Yaron da ya sayi fas na intanet da kuɗin da uwarsa ta tara, ya miƙa aiki a kan lokaci, sannan ya jira wata biyu ya ga 8 bisa 20 babu ko kalma ɗaya ta bayani, bai koyi komai ba. Malami ya rubuta cewa zai amsa saƙo cikin kwana biyu, ya maido da aiki da gyara cikin mako guda, ya nuna yadda maki 20 ɗin suka kasu tsakanin tsari, hujja da harshe. Ya ajiye darasi a murya da rubutu marasa nauyi, kada ya tilasta bidiyo kai tsaye. Jami'a ita ma da nata: ta Senegal ta gina cibiyoyi a yankuna inda ɗalibi ke samun wuta da intanet, kuma duk mai son koyarwa daga nesa a ƙasarmu sai ya yi tunanin irin wannan.

Iyaye, ko ba ku jin Faransanci, ku zaunar da yaron ya fassara muku takardar. Ku tambaye shi awa nawa darasin ke ci a mako, wace rana ake miƙa aiki, da agogon wane gari, kuma yaushe malam ya ce zai maido da gyara. Ku rubuta ranakun a jikin kalanda inda kowa a gidan zai gani. Idan tambaya ta ƙarshe ba ta da amsa a cikin takardar, ku sa yaron ya rubuta wa malamin cikin ladabi ya nemi a ƙara ta.