RA'AYINMU: Wa Zai Karanta wa Mutanen Toranke Yarjejeniyar?

A shekarar 2024 babu wata majalisar samari a ƙasar Hausa, birni da ƙauye, da ba ta san dangwale ba. Yara da magidanta sun duƙufa a kan wayoyinsu dare da rana suna taɓa hoton wani ɗan ɓera a wasan Hamster Kombat, bisa alkawarin cewa ranar rabo kowa zai yi arziki. Da ranar ta zo a watan Satumba na wannan shekara, abin da akasarinsu suka samu bai biya kuɗin cajin waya ba. A watan Afrilu na 2025 kuma CBEX ta rufe da dukiyar jama'a, kamar yadda MMM ta yi a watan Disamba na 2016. An yi kuka, an yi Allah ya isa, aka kuma koma jiran na gaba.

Wannan mujalla ba ta ga laifin saurayin Toranke da ya nemi na kansa ba. Abin da ya dame mu shi ne an shigar da shi kasuwar da ake ƙulla kowane ciniki a rubuce, alhali kuwa ba wanda ya koya masa karatun rubutun. Mu kuwa da jama'a suka ɗauki nauyin karatunmu har jami'a, mun zuba ido.

Rubutun da muke nufi shi ne abin da za a iya kira da Hausa yarjejeniya mai zartar da kanta. Wani Ba'amurke mai suna Nick Szabo ne ya fara bayyana tunaninta tun cikin shekarun 1990, amma ba ta samu gindin zama ba sai da aka buɗe Ethereum a ranar 30 ga Yuli 2015. Ita dai 'yar manhaja ce da ake rubutawa, galibi da harshen kwamfuta mai suna Solidity, a ajiye ta a cikin bulokcen, watau wani kundi wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa iri ɗaya, yadda babu mai iya goge layi a ɓoye. In sharaɗin da aka rubuta ya cika, kuɗi ya tafi inda aka ce ya tafi, ba sai wani ya sa hannu ba.

Wanda ya san adashi ya riga ya san rabin wannan darasi. A ce mata goma ne a unguwa suke zubin Naira 5,000 kowace Juma'a. Uwar adashi ce ke karɓa, ita ke tuna wadda ta zuba da wadda ta yi fashi, ita ke miƙa kwasa ga mai rabo. Duk ginin a kan amanarta yake; in ta ci, ko ta rasu, ko wani ya lallaɓe ta ya karɓi rance daga ciki, sai rigima. To, a rubuta waɗannan ƙa'idoji a cikin yarjejeniya mai zartar da kanta: ga mutum goma, ga adadin zubi, ga jerin kwasa, kuma ba za a saki ko kwabo ba sai zubi goma sun cika. Daga ranar nan yarjejeniyar ce uwar adashi. Ba ta mantuwa, ba ta son kai. Sai dai kuma ba ta da tausayi. Uwar adashi ta gari takan ce a bar wa Ladi kwasar wannan mako saboda 'yarta na asibiti. Ita kuwa wannan, in ba a rubuta mata hakan tun farko ba, ko gawa aka ajiye a gabanta ba za ta motsa ba. Ba ta kuma da ido a waje da kundinta. Ba ta san ko buhun gyaɗar da aka biya ya sauka a kasuwar Gaya ba, sai wani ya shaida mata, shi kuwa mai shaidar yana iya yin ƙarya. Kuskuren alƙalami ma ba ya gyaruwa da sauƙi. A watan Yuni na 2016 wani ya gano kafa a cikin yarjejeniyar da ake kira The DAO, ya janye sulallan Ether kusan miliyan 3.6, har rigimar ta raba Ethereum gida biyu. A watan Nuwamba na 2017 wani kuskuren a lalitar Parity ya kulle Ether fiye da 500,000, masu su suna kallo ba su iya taɓawa.

Ilmin da ke da irin wannan kaifi bai kamata a bar shi a harshen da mutum yake ji sama-sama ba. A nan ne ya dace mu dubi masu magana da Sifaniyanci. Su ma ba da harshensu aka rubuta Solidity ba. Kalmomin umarninsa, irin su contract da function da require, na Turanci ne, haka kuma suka bar su. Bayanin ne suka mayar harshensu. Tun 2014 makarantar intanet ta Platzi, wadda wani ɗan Kolambiya mai suna Freddy Vega ya kafa tare da abokinsa, take koyar da rubuta manhaja da Sifaniyanci, daga baya har da darussan wannan yarjejeniya don 'yan koyo. A Ajantina, inda hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin ɗari a 2023, matasa sun rungumi fannin da gaske. 'Yan ƙasar ne suka kafa OpenZeppelin a 2015, kamfanin da masu rubuta yarjejeniya a ko'ina cikin duniya ke aron tubalansa. Ba banza ba aka kai babban taron Ethereum na Devcon birnin Bogota a watan Oktoba na 2022, aka kuma yi Devconnect a Buenos Aires a watan Nuwamba na 2025. Ba a kai taro garin da 'yan kallo kaɗai ke zaune.

Mun san abin da wasu 'yan'uwanmu na sashen kimiyyar kwamfuta za su ce: wai Hausa ba ta da kalmomin. Wannan magana an yi ta kafin a haife mu. An yi ta lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam da abokan aikinsa suka ba da labarin Yaƙin Duniya na Biyu kaf, da jiragensa da igwoginsa, da Hausar da manomi ke ji. Balle ma a wannan fanni, inda muka fi kowa jari. Almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san sharaɗi, ya san ijabi da kabuli, ya san amana da jingina da lamuni da ajali, ya san cinikin da ya ƙullu da wanda ya ɓaci. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kalmar require da ke tsorata ɗan koyo ba ta wuce a ce "sai in" ba: sai in zubi ya cika, sai in mai lalitar ne da kansa. Abin da ya rage 'yan kalmomi ne na fasaha, waɗanda zama biyu ko uku tsakanin ɗaliban kwamfuta da malaman Hausa na Jami'ar Bayero, masu Ƙamusun Hausa na 2006, zai daidaita su.

Wasu kuma za su ce ai malamanmu sun saɓa a kan halaccin kuɗin kirifto. Haka ne, kuma ba hurumin wannan shafi ba ne ya yi fatawa. Amma malamin da za a kai wa tambaya yana bukatar wanda zai warware masa yadda abin ke aiki da harshen da su biyun ke ji, in ba haka ba a kan jita-jita zai yi hukunci. Gwamnati ma ta daɗe tana kai gwauro tana kai mari: Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a watan Fabrairu na 2021, aka amince da manufar ƙasa ta bulokcen a watan Mayu na 2023, bankin ya janye haninsa a Disambar wannan shekara, sa'an nan dokar zuba jari ta 2025 ta sa irin waɗannan kadarori a ƙarƙashin hukumar SEC. Duk wannan da Turanci aka yi shi, a Abuja.

Toranke ɗaya ce daga mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Ajingi, ƙasar noman gero da dawa da gyaɗa da wake, kuma ba ta da nisa da Wudil, inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote take tun 2001, lokacin tana amsa sunan Jihar Kano. Tarihin baka ya ce daga ƙasar Gaya maƙeran nan Abagayawa suka taso neman tama har suka zauna a gindin Dala. Abin takaici ne a ce jikokin masu ƙera abin aiki da hannunsu sun ƙare a dangwalar abin da wani ya ƙera a wata nahiya, ba su ma san me ke cikinsa ba.

Amma kada a kwaso tsarin Bogota a jibge shi a Ajingi. Ɗan koyo na can yana da kwamfuta a ɗakinsa. Namu waya ce ƙarama, da data ta awo, da caji na biya. Saboda haka darasin farko ya zama na murya, gajere, wanda zai wuce ta WhatsApp ba tare da ya cinye data ba, kuma a fara da takarda da biro: a rubuta ƙa'idojin adashi da Hausa, layi bayan layi, kafin a taɓa Solidity. Bayan nan a koya wa mutum duba yarjejeniyar da wani ya rubuta, domin akasarinsu a buɗe suke ga mai son gani: wa ke da ikon janye kuɗi, wa ke iya ƙirƙiro sababbin sulalla, wa ke iya dakatar da kowa. Wanda ya iya wannan kaɗai, in ɗan damfara ya zo masa da alkawarin ninki biyu cikin wata guda, zai ce a nuna masa yarjejeniyar. Rubutu na sosai kuwa yana son kwamfuta. Manhajar Remix kyauta ce, a cikin burauza take aiki, kuma akwai filin gwaji mai suna Sepolia inda ake aiki da sulallan da ba su da daraja, yadda ɗan koyo zai yi kuskure ɗari bai yi asarar sisi ba. Sharaɗi ɗaya muke gindayawa, ba kuma za mu sassauta ba: duk mai koyarwar da ya tallata wani sulalla, ko ya raba lambar gayyata don ya samu lada, a sallame shi ranar nan.

Muna kira ga Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai da ta kafa ƙaramin kwamiti a zamanta na gaba, ɗalibai daga sashen kwamfuta da na Hausa da na shari'a, a ba su aikin tsara darussa goma na farko kafin dogon hutu. Ɗalibanmu 'yan Gaya da Ajingi su tafi da su gida, su nemi izinin dagaci da shugaban makarantar sakandare, su gwada su a kan mutum ashirin, a cikinsu har da matan da ke riƙe da adashi. In suka dawo, shafukan wannan mujalla a buɗe suke su gaya mana kalmar da aka gane da wadda aka yi wa dariya, a gyara kafin a kai Balare da Gafasa.