Tankin Sitenles: Kyan Ɗan Maciji

Duk wanda tankin man jirgin ruwansa ya fara yoyo, shawara ɗaya yake ji daga masu walda da dillalai: a yi sabo da sitenles, wai ba ya tsatsa. Maganar ta yaɗu har ta zama kamar karatun da ba a gyarawa. To, ni ban yarda ba.

Abin da ke kare sitenles wata 'yar fata ce siririya da sinadarin kuromiyam ke yi idan ya haɗu da iska. Tanki kuwa a ƙarƙashin dabe yake zaune, inda iska ba ta shiga, ruwa yana kwanciya tsakaninsa da katakon da ya ɗauke shi. A irin wannan lungu fatar ba ta sabuntuwa. Idan ruwan na gishiri ne, kamar na gaɓar Legas, sai ya riƙa huda ƙarfen ƙanana-ƙanana kamar bakin allura, alhali samansa na ta ƙyalli. Bakin walda ma nan ne rauninsa, domin jijjigar inji da dukan igiyar ruwa suna tsaga shi. Shi ya sa ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙera jiragen ruwa a Amurka tun 1954, a da ta daɗe tana taƙaita tankin fetur na sitenles ga ƙarami mai siffar ganga, wanda bai wuce galan 20 ba. Kuma sitenles iri-iri ne. Mai lamba 304 na cokula da tukwane bai kai 316L juriyar gishiri ba, amma mai saye ba ya iya bambance su da ido.

Roba ce aka raina, ana cewa araha ba ta ado. Amma tankin roba mai kauri da aka zuba a masana'anta musamman don mai ba shi da walda, ruwa ba ya cin sa, kuma yana jure fetur mai gaurayen itanol. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a tsakiyar shekarun 2000, da fetur mai itanol kashi 10 cikin ɗari ya bazu a Amurka, ya narkar da cikin tankunan faiba na tsofaffin jiragen Bertram da Hatteras, narkakken ya bi bututu ya lalata injuna. Aibin roba shi ne tana ɗan kumbura idan ta sha mai, don haka a bar mata fili. Kuma ba jarkar manja nake nufi ba.

Idan wurin tankin karkatacce ne, dole sai an auna an ƙera, to a nemi alminiyam mai lamba 5052 ko 5086, mai kauri. Sharaɗinsa: a ɗaga shi iska ta zagaya, kada a lulluɓe shi da soso mai riƙe danshi, kada a ɗaura masa famfon tagulla kai tsaye, domin tagulla cinye alminiyam take yi. Mai amfani da dizal kuma ya guji tankin da aka shafe cikinsa da tutiya, tana ɓarewa ta toshe matata.

Na san za a ce akwai tankunan sitenles da suka shekara da yawa lafiya. Gaskiya ne, amma a duba zamansu: a busasshen wuri suke, ana ganin su, ana share su. Zama ne ya cece su.

Tururin fetur ya fi iska nauyi, a gindin jirgi yake taruwa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Saboda haka kafin mai jirgi ya biya kuɗin ƙarfe, ya tambayi mai aikin ta ina ruwa zai fita daga ƙarƙashin tankin, kuma ta yaya za a leƙa shi baɗi. Wanda ya kasa amsawa, kada a ba shi aikin.