Koriya Ba Ta Sayar da Shinkafarta Ba

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp, sau uku yana zuwa min cikin wata guda. Hotuna biyu ne na birnin Seoul, ɗaya na bayan yaƙi, kango da bukkoki, ɗaya na yau, gine-gine har sama. Bayanin da ke ƙarƙashi kuwa wai Koriya ta Kudu ta kai inda ta kai ne saboda ta kwantar da kai ta bi Amurka, mu kuma taurin kai ya hana mu. Na ƙarshen da ya turo min ɗan yayata ne, yaro mai hankali, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Ban yarda da saƙon nan ba, kuma ina ganin yana koya wa yaranmu mummunan karatu game da yadda ake zama da wanda ya fi ka ƙarfi.

Ba na musun cewa Amurka ta yi wa Koriya rana. Sojojinta kusan 36,000 suka mutu a yaƙin 1950 zuwa 1953, an ƙulla yarjejeniyar tsaro a 1953, kuma har yau akwai sojojin Amurka kimanin 28,500 a can. Tallafin abinci da na kuɗi ya shiga shekara da shekaru. Amma wanda ya tsaya a nan ya ce biyayya ce ta yi aiki, bai ji rabin labarin ba.

Mu fara da shinkafa, tunda ita muka sani. Duk wanda ya taɓa kwana a Tudun Wada ya san ƙarar injinan casa da hayaƙin turara shanshera, ya san gidaje nawa ke ci daga wannan sana'a, tun daga matan da ke gumi a bakin tukunya har masu dako. Lokacin da Koriya da Amurka suka zauna cinikin yarjejeniyar kasuwanci, wadda aka sa wa hannu a 2007 ta fara aiki a 2012, Koriya ta buɗe ƙofa ga motoci, ga naman shanu, ga kayayyaki iri-iri. Da aka zo kan shinkafa sai ta ce a'a, aka cire ta daga yarjejeniyar ɗungurungum. Tana shigo da wani ƙayyadadden adadi a shekara bisa ƙa'idar ƙungiyar ciniki ta duniya, abin da ya haura wannan kuwa harajinsa kashi 513 cikin ɗari ne. Ku sake karanta adadin. Ƙasar da sojan Amurka ke gadin iyakarta ce ta kalli Amurka ta faɗa mata haka, kuma zumuncin bai watse ba.

Mu fa? An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, shekara ɗaya bayan Koriya ta gama tata babbar madatsar ta Soyang. Ruwa muna da shi, ƙasa muna da ita. A 2019 aka rufe iyakoki aka ce kowa ya koma gona, mutane suka ci bashi suka noma, aka kafa injina. A 2024 aka ɗage harajin shigo da shinkafa da masara na kwana 150 saboda tsadar abinci. Na san yunwar gaskiya ce, ni ma ina zuwa cefane. Amma manomin Doguwa da ya sayi taki da tsada ya zo ya tarar masararsa ta faɗi, wa ya tambaye shi kafin a yanke hukuncin? Ba Amurka ce ta yi mana wannan ba, mu muka yi wa kanmu. Ƙasar da ba ta tsayar da magana ɗaya da manominta ba, da wane baki za ta zauna ciniki da baƙo?

Sai batun fim, wanda ya fi ci min rai domin a ƙasarmu ta Bebeji abin ya faru. A 2016 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar gina alƙaryar shirya finafinai a Kofa, aikin naira biliyan 3. Malamai da jama'a da yawa suka tashi, cikin 'yan kwanaki aka soke. Ba na raina damuwarsu. Tarbiyya ba abin wasa ba ce, kuma gwamnati ta yi kuskure da ta sauko da aikin daga sama ba tare da ta zauna da mutane ba. Amma me ya biyo baya? Yaranmu sun daina kallo? Yanzu a Kiru yarinya na riƙe da waya tana kallon Jumong da sauran finafinan Koriya masu dogon zango, ta san yadda suke rusunawa su gaida babba, ta san abincinsu. Bakoriye nawa ya san akwai wani abu wai shi Kannywood?

Koriyawa ma sun ji tsoron finafinan Amurka kamar yadda muke ji, wataƙila fiye. A 1988, da kamfanonin Hollywood suka fara rarraba finafinansu kai tsaye a ƙasar, har macizai masu adawa suka saki cikin sinima. Sai dai ba su tsaya a fushi ba. Doka ta tilasta wa kowace sinima nuna fim ɗin gida kwana 146 a shekara. Amurka ta yi ta matsa lamba har aka rage zuwa 73 a 2006, 'yan fim suka fito zanga-zanga. Kafin lokacin masana'antar ta riga ta tsaya da ƙafarta. A 2020 fim ɗinsu Parasite ya ci babbar kyautar Oscar, karo na farko da fim ɗin da ba na Turanci ba ya ci ta. Ba'amurke ya zauna yana karanta fassara a ƙasan allo don ya ji abin da Bakoriye ke faɗa. Su sun kare nasu har ya girma, mu mun rushe namu tun yana takarda, sannan muka bar wayar a hannun yaran.

Kuma kada wani ya zaci zaman nasu ba tabo. A watan Yunin 2002 motar yaƙin Amurka ta take wasu 'yan makaranta mata biyu a Yangju, kotun sojan Amurka ta wanke direbobin, dubban mutane suka cika titunan Seoul da kyandir a hannu. Mu ma muna da namu tabon: gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano a 1996, goma sha ɗaya suka rasu. Bambancin shi ne inda fushin ya sauka. Nasu ya sauka kan teburin gwamnati da akwatin zaɓe. Namu, a 2003, ya sauka kan rigakafin shan inna, kuma ƙafafun yaranmu ne suka biya.

A kan tsaro ba zan tsawaita ba. Koriya na biyan kusan dala biliyan ɗaya a shekara don zaman sojojin Amurka, kuma da Trump ya nemi a ninka kuɗin kusan sau biyar a 2019, ta ƙi, aka yi ta jan ciniki har 2021. Tana da nata sojan, tana ƙera nata makaman. Masu cewa a kira Amurka ta zo ta share mana dajin Falgore su leƙa Agadas: an gina sansanin jirage marasa matuƙi na sama da dala miliyan 100, a 2024 aka naɗe kaya aka tafi, matsalar Sahel tana nan inda take. Matafiyin da ke bin hanyar Jos ya ratsa Falgore da dare yana addu'a, abin da yake buƙata shi ne jami'in da aka biya albashinsa da makiyayin da ya yarda ya faɗi abin da ya gani.

Na mayar wa ɗan yayata amsa da tambaya ɗaya: in gobe aka zaunar da shi gaban Amurkawa a madadin Kano ta Kudu, wane abu ne zai ce wannan kam ba na sayarwa ba ne? Ya turo min hoton dariya, ya ce, Kawu, sai na yi tunani. Yau kwana tara ke nan.