Iskar Ce Ta Ragu, Ko Mudun Ne Ya Sake?

Duk mai zaman majalisa bayan sallar isha'i a New Bell ya san wannan magana. Dattawa na fifita suna share gumi, suna cewa iskar Duwala ta mutu, alhali kuwa a da, da la'asar ta yi sai sanyin kogin Wuri ya shigo har tsakar gida. 'Yan'uwanmu da suka koma Kotto su kuma su ce ai iskar can ta bi su. Mu dai ba mu musa wa manya ba, amma su kansu masanan yanayi sun jima suna wannan gardama.

A shekarar 2010 wasu masana a Faransa, ƙarƙashin Robert Vautard, suka duba lissafin tashoshi 822, suka ce daga 1979 zuwa 2008 ƙarfin iska a yawancin ƙasashen arewacin duniya ya ragu da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Sai wasu suka yi tambayar da kowace uwargida za ta yi a kasuwar Kongo in aka ce mata buhu ya ragu: da wane mudu aka auna?

Mudun iska dai wasu 'yan kofuna ne bisa dogon ƙarfe, iska na juya su ana ƙirga juyin. Wani masani a Ailan, Thomas Robinson, shi ya ƙirƙiro shi a 1846. To, abin da ke juyawa dare da rana dole boris ɗinsa ya ci, ga ƙura ga raɓa, sai ya yi nauyi, ƙaramar iska ta kasa motsa shi. Ma'aikaci kuwa abin da ya gani zai rubuta. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an gwada tsoho da sabo kafaɗa da kafaɗa a Sifen, aka kimanta cewa tsufan na'ura kaɗai na iya ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na raguwar da ake faɗi. Amurka kuma tsakanin 2005 da 2009 ta cire masu kofuna daga filayen jiragenta ta sa masu awo da sauti, waɗanda ba su da abin juyawa, sai lissafin wurare da dama ya yi tsalle ba tare da iskar Allah ta sake ba.

Mu mutanen bakin teku ma muna da namu misali. A da, matuƙan jiragen ruwa irin masu tsayawa a tasharmu da ido suke kimanta iska, su dubi igiyar ruwa su ba ta lamba bisa ma'aunin Beaufort na 1805. Da aka koma ɗaura na'ura a saman jirgi, jiragen kuma suna ƙara tsawo, sai takardu suka nuna wai iskar teku na ƙaruwa tun daga shekarun 1950. Galibi tsawon jirgi aka auna, domin iska ta fi ƙarfi a sama. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a auna a tsawon mita 10, a fili fetal.

Fili fetal kuwa shi ne ya yi mana wuya. Filin jirgin sama, inda ma'aikatan ASECNA ke awon iska domin saukar jirage, gidaje sun matso shi. A lungunanmu kuwa bene ya tare bene, kwano ya haɗu da kwano, saboda haka dattijon da ya ce ba ya jin iska gaskiyarsa ce, ko da tana nan tana wucewa ta saman kansa. Wani bincike na 2019 ma ya nuna iskar duniya ta fara farfaɗowa tun wajen 2010.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne rufi. Mun ji wani mai gini yana cewa tunda iska ta ragu, ba sai an ɗaure katako da waya ba, ƙusa ta isa. Lissafin masanan nan matsakaicin iskar shekara yake faɗi, bai shafi guguwar da ke rigayar ruwan Maris da Afrilu ba, wadda ke yaye kwano cikin minti biyar ta ajiye shi a gidan maƙwabci. Mai gidan dai ya sa an ɗaure nasa kafin ya biya kuɗin aiki.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.