Hanci kaɗai ke gadin tukunyar gas a Nguru da Gashuwa

Itace ya yi tsada a arewacin Yobe, gawayi ma haka, kananzir kuwa ya fi ƙarfin talaka tun tuni. Shi ya sa tukunyar gas ta shiga gidajen Nguru da Gashuwa ba sallama, daga kicin ɗin amarya zuwa teburin mai shayi, har ɗakunan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa. A yankin da hamada ke cin gonaki, duk bishiyar da gas ya tsirar daga gatari riba ce. Sai dai an karɓi baƙon ba a tambayi halinsa ba.

Gas ɗin girki, wanda haɗin furofen ne da butan, asalinsa ba ya wari ko kaɗan. Warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai da uwargida ke ji, kamfani ne ke zuba wani sinadari mai suna makaftan da gangan, don hanci ya kama yoyo kafin wuta ta kama. Da jini aka sayi wannan darasi. Ranar 18 ga Maris 1937, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka, ya fashe ya kashe kusan mutum 300, akasarinsu yara. Bayan nan ne jihar ta wajabta sanya wa gas wari.

To amma warin na iya gudu. Sabuwar tukunya, ko wadda tsatsa ta ci daga ciki, takan shanye sinadarin har gas ya fito salin-alin. Wani lokaci kuma tun daga tushe ba a zuba isasshe ba. A Yulin 2010 wani gini ya fashe a Norfolk ta jihar Massachusetts, ma'aikaci ya mutu, bincike ya nuna gas ɗin bai da isasshen wari. Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta sha yin shelar a dawo da irin wannan gas don a duba shi. Suna iya yin haka ne domin sun san tankar da ta ɗauko, da dillalin da ya karɓa, da gidajen da aka kai wa.

A kwatanta da Nguru. Mutum zai ɗauki tukunyarsa a bayan babur, ya je shago a juye masa kilo biyu ko uku daga wata babbar silinda, ya biya ya tafi, ba rasit ba lamba. In yau aka gano wata tanka ta shigo Yobe da gas marar wari, ta ina za a fara neman waɗanda suka saya? Tukunyar kanta ta mai ita ce, babu kamfanin da ke karɓa ya gwada. Ƙa'idar hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta ce shekara 15 ne ran tukunya, amma da wuya a ga mai shago ya duba shekarar da aka buga a jikinta kafin ya ɗura.

Yanayin wurin ma yana ƙara haɗarin. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa. A ƙasan nan kuma ake ajiye kaskon turaren wuta, abin da matan Yobe da Borno ba sa wasa da shi: ƙamshin ya rufe warin, garwashin kuma yana jira. Da hunturu an kulle tagogi saboda ƙura, mura ta toshe hancin rabin gida. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tukunyar da aka cika maƙil aka bar ta a rana tana neman hanyar fita ne, shi ya sa ake barin kusan kashi 20 cikin 100 na cikinta fayau.

Wanda ke ganin ilimi ko muƙami na tsare mutum, ya tuna Sabon Tasha a Kaduna, ranar 4 ga Janairun 2020. Shagon sayar da gas ne ya fashe, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya.

Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke da alhakin lasisin masu sayar da gas. Sarautar Abuja ba ta isa ba in jami'anta ba sa taka Bade, inda Gashuwa take, da Nguru. Ya kamata ƙananan hukumomin biyu su san adadin shagunan gas da ke cikinsu, su raba su da masu tuyar ƙosai da masu walda, a kuma tilasta wa kowane dillali rubuta tankar da ya saya da ranar da ta sauke.

Kafin a kai can, aikin na maigida da uwargida ne. A shafa kumfar sabulu a bakin tukunya da tiyo. In ta yi ƙwai-ƙwai, akwai yoyo. Kada a gwada da ashana. In an ji wari, a rufe kan gas, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki, a fitar da yara. In kuma an buɗe sabon ɗuri aka ji shiru ba wari, a mayar wa mai shago da kayansa a ranar.